"A Yi Masa Aure, Zai Natsu": Sharhi Kan Giya, Aure da Ƙarfin Gwiwar Dainawa a Damargu

 Mutanen Tanut da Belbeji, na Gangara da Olelewa da Falanko da Tarka, makiyayan da ke jin mu daga wajejen Tenhiya, da direbobin da ke kan hanyar Agadas a daidai wannan lokaci, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da kusan kowa ya taɓa ji a zaure. Yaro ya fara shan giya. An yi faɗa, an yi nasiha, an karɓo rubutu ya sha, abin bai tsaya ba. Sai manyan gida su zauna, wani daga cikin kawunnai ya gyara murya ya ce, "A yi masa aure, zai natsu." Kowa ya gyaɗa kai, kafin wata biyu ka ji ana rabon goro. To amma a ce mace ce aka kama da kwalba ko da ƙwaya. Mutanen nan dai su ne za su kira mijinta su ce, "Kai, wannan ba matar zama ba ce, ba ta takardarta." Ciwon ɗaya ne, amma namiji an ba shi mata a matsayin magani, mace kuma an raba ta da miji a matsayin horo. Ni a ganina duka hukuncin biyu akwai gyara a cikinsu, kuma zan faɗi dalili.

Na san akwai mai cewa, giya a Damargu? Ai mu Musulmi ne. Haka ne, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa Nijar cikin ƙasashen da aka fi ƙarancin shan giya a duniya. Sai dai ƙasarmu ba a rufe take ba. Babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa tsakiyarmu, manyan motoci suna kwana a tashoshinmu. Samarinmu suna tafiya bida Libiya da Aljeriya da Najeriya, tun 2014 kuma da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten wasu suka yi can, suka shekara cikin maza zalla, nesa da idon uwa da uba. Wasu sun dawo da kuɗi, wasu sun dawo da ɗabi'a, wasu da duka biyun. Kuma inda masu sha ba su da yawa, mai sha a ɓoye yake sha, cikin gaggawa, mai ƙarfi yake nema don ta yi saurin kama shi, wani ma ya haɗa da tramol, haɗin da ke jawo farfaɗiya kuma yake iya tsayar da numfashi. Kafin a gane, abin ya yi nisa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, miliyan 2 maza, dubu 600 mata.

Yanzu mu zo ga abin da masu jinyar mashaya suke dubawa. Ba rantsuwa suke nema ba. Suna so su san yadda mutum yake ganin ƙarfin kansa: in jaraba ta zo, yana jin zai iya tsayawa ko kuwa? Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, shi ya fito da wannan batu a 1977, ya nuna cewa abin da mutum ya yi imani zai iya yana da tasiri a kan ko zai fara, da ko zai jure in ya sha wuya. A 1994 Carlo DiClemente da abokan aikinsa a Amurka suka tsara tambayoyi 20 domin mashayan giya musamman. Tambayoyin ba sa cewa "za ka daina?", don kowa zai ce i. Yanayi-yanayi suke bi: lokacin baƙin ciki, lokacin murna cikin abokai, lokacin gajiya ko ciwon jiki, da lokacin da jiki da kansa yake ƙaiƙayin neman ta.

In da a nan ne, ga yadda zan yi tambayar. Malam, ranar kasuwar Bakin Birji ka sayar da buhunan hatsi, jikkuna suna aljihu, abokin da kuka zauna da shi a Sabha ya riƙe maka hannu ya ce zo mu gaisa da kyau. Za ka iya cewa a'a? Ranar da ka dawo gida uwargida ta tare ka a ƙofa da maganar kuɗin cefane, a gaban yara, za ka iya kwana ba ka fita ba? Mutum ɗaya yana iya ba ka amsa biyu mabambanta, kuma amsar da ya yi jinkiri kafin ya ba da ita, a nan aikin yake. Alan Marlatt, wanda ya daɗe yana nazarin dalilan komawa sha bayan an daina, ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na komawar suna faruwa ne a yanayi uku: ɓacin rai, rigima da wani, da matsin abokai. Ku lura, masu saurare, biyun farko a cikin gida aka fi samun su. Shi ya sa maganar aure ba ta rabuwa da maganar jinya.

Masu cewa a yi masa aure suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 2016 Kenneth Kendler da abokan aikinsa sun bi bayanan mutum sama da miliyan 3 a ƙasar Suwidin, suka ga cewa auren fari yana rage haɗarin faɗawa cikin ciwon giya da kusan kashi 60 cikin ɗari ga maza, da sama da kashi 70 ga mata. Shekara guda bayan haka suka duba mutuwar aure, suka ga haɗarin yana ninkawa wajen sau shida ga maza, sau bakwai ga mata. Wato aure katanga ce ta gaske. Amma a saurari sauran. Binciken a kan waɗanda ba su riga sun kamu ba ne. Mu mutanen Damargu mun san rumbu: yana tsare hatsi daga ruwa da dabba, amma hatsin da ƙwaro ya riga ya shiga, ko ka zuba shi a sabon rumbu ƙwaron yana nan yana ci. Sannan binciken ya nuna kariyar ta dogara da wanda aka aura. Macen da ta auri mai ciwon giya ba ta samun wannan kariya, ita ma haɗarinta ƙaruwa yake yi.

A 2006 wasu mata biyu masu bincike a Buffalo ta Amurka, Kimberly Walitzer da Ronda Dearing, suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan waɗanda suka shiga jinya suka fito. Abin da suka samu ya kamata a ce kowane waliyyi ya ji shi. Namijin da ya fito daga jinya, aure yana taimaka masa ya tsaya. Mace kuwa, sau da yawa auren ne yake mayar da ita, domin mata masu ciwon giya sun fi zama a gidan miji mai sha, kuma rigimar gida ta fi saurin tura su. Can ma kenan, inda mace take da albashinta da motarta.

Me ya sa aure yake tallafar namiji? Babu wani sirri. Akwai wadda take dafa masa, take lura da lokacin da ya shigo, take jin warin bakinsa, take ɓoye kuɗin da ta san in ya gani za su tafi, take tuna masa ranar komawa likita. In ya yi kwana goma bai sha ba ita ce take fara gani, ita ce take fara cewa madalla. Ƙarfin gwiwar da yake taƙama da shi a fada, rabinsa na matar nan ne, ita ta ɗauko masa. To ita wa ya tambaye ta ko ta yarda da wannan aiki? A binciken ƙasa na 2012, kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Damagaram kuma adadin ya kai kashi 87. Wato yarinyar da ake ɗauko wa mashayi don ta gyara shi, galibi ƴar shekara 15 ce ko 16. Abin da ya gagari ubansa da kawunnansa da malamin unguwa, shi aka ɗora wa ƴar da ba ta gama sanin kanta ba. Sau nawa ma ake gaya wa iyayenta gaskiya? Sai a ce yaron yana da ɗan zafin kai ne kawai. Wannan ha'inci ne, ko da wace niyya aka yi shi. In ya fara duka ta yi yaji, a yi biko, a ce ta yi haƙuri. Ranar da haƙurin ya ƙare aka rabu, mun samu mutum biyu a cikin haɗari: gwauron da yanzu yake da sabon dalilin sha, da ƙaramar bazawara mai goyo. Malamanmu na Malikiyya sun san cewa mace tana da haƙƙin neman rabuwa saboda cutarwa, kuma bai kamata a riƙa ɓoye mata wannan ba.

Mu juya ga macen da ita ce take sha. Ba su da yawa, amma suna nan, kuma ba duka ne a bariki ba. Akwai wadda mijin ne ya fara ba ta. Akwai wadda miji ya tafi bida shekara uku, ba aike ba waya, ba ta da aure ba ta da saki, barci ya gagara, wata ta nuna mata abin da zai sa ta runtsa. Akwai wadda aka yi wa kishiya ta fara da maganin tari. Makwabtanmu na Najeriya sun ga wannan har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma binciken da aka yi a can a shekarar ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce. Jikin mace kuma ba ya ɗaukar giya kamar na namiji: ruwan jikinta bai kai nasa ba, don haka kofi ɗaya ya fi hawa mata jini, hanta ta fi saurin lalacewa, in tana da ciki kuma abin yana isa ga ɗan tayi.

Ku auna hanyar da za ta bi kafin ta ga likita. Sai ta nemi izinin miji, wato sai ta tona kanta ga mutumin da yake riƙe da igiyar aurenta. Sai ta sami kuɗin mota, in daga ƙauyen Tarka ne ko Tenhiya ba ƙaramin abu ba ne, in kuma aka ce sai babbar likitar Damagaram, daga Tanut kaɗai kusan kilomita 150 ne. Sai ta sami wanda zai riƙe mata yara. Sai ta zauna a layi inda wata ƴar garinsu za ta iya ganinta. Bayan duk wannan tana sane cewa in magana ta fita, aure ya mutu, ƴaƴa kuma dangin uba za su karɓe. Namiji in ya je jinya yana fatan ya tsira da gidansa. Ita zuwan ne ma zai iya raba ta da gidan. Ba abin mamaki ba ne da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan miyagun ƙwayoyi ya ce cikin maza bakwai masu ciwon shaye-shaye ɗaya yana samun jinya, a mata kuwa ɗaya cikin 18. In irin wannan mace ta ce wa majo, "Ban jin zan iya," kada a ce raunin mata ne. Lissafi ta yi, ta duba gidan da za ta koma, ta faɗi gaskiya. Ni na fi jin tsoron namijin da yake kwance a gadon likita, ba kwalba a kusa, yana bugun ƙirji yana cewa ko a mafarki ya bar ta.

Akwai wani abu da nake roƙon kowa ya riƙe, don rai ne a ciki. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci ɗaya, jiki yana tayar da bore. Cikin awoyi hannu ya kama rawa, zufa, amai, rashin barci. Cikin kwana biyu yana iya faɗuwa da farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na uku wani yakan rikice, ya riƙa ganin abin da babu, yana fizge-fizge. Wannan yana kisa, kuma yana da magani: ma'aikatan lafiya suna ba da diyazefam bisa ƙa'ida da bitamin B1, su sa ido har ya wuce. Magidanci in ya shiga wannan hali matarsa ta san dalili, za ta faɗa. Macen da take sha a ɓoye kuwa, ba wanda ya san dalili, sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi, ita kuma ba ta iya buɗe baki. Addu'a ba ta hana zuwa likita. A yi duka biyun.

Shi ma ɗauri ba jinya ba ne. Mun ji abin da ƴan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, da yawa da mari a ƙafa, iyayensu ne suka kai su da sunan gyaran hali. Bandura ya nuna cewa babbar hanyar da ƙarfin gwiwa yake samuwa ita ce mutum ya gwada ya ga ya iya. Wanda aka ɗaure wata shida bai taɓa cewa a'a ba, hana shi aka yi. Ranar da aka kwance shi, bai san ƙarfin kansa ba ko kaɗan. Wanda kuwa ya bi ta gaban wurin da ya saba sha, da kuɗi a aljihu, ya wuce, ya sami abin da zai tsaya a kai gobe.

Haka batun rantsuwa. Mun saba a ɗauko Alƙur'ani a ce ya dafa. Niyyar mai kyau ce, amma ku duba abin da ke biyo baya. Ya yi wata uku, rana ɗaya ya zame ya sha kofi guda. Sai ya ce a ransa, shi ke nan, na karya rantsuwa, ni na riga na halaka, bari in ƙarasa. Kofi ɗaya ya zama mako guda. Marlatt ya yi bayanin wannan tarko tun 1985, amma addininmu ya riga shi buɗe ƙofar fita: rantsuwa tana da kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku, ya tuba ya ci gaba. Ita kanta giyar a mataki-mataki aka haramta ta. Kuma Bukhari ya kawo labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Malamai, Allah ya gafarta muku, wannan labarin muna so mu riƙa jin sa a huɗuba, kuma a faɗa wa jama'a cewa rahamar da ke cikinsa ba ta maza kaɗai ba ce.

To aure ba shi da wuri a jinya kenan? Yana da shi, babba ma, in an shigo da shi ta ƙofar da ta dace. A 2009 Barbara McCrady da abokan aikinta sun gwada mata 102 masu ciwon giya. Wasu aka yi musu jinya su kaɗai, wasu tare da mazajensu, ana koya wa mijin yadda zai tallafa da yadda za su yi magana ba tare da tada jijiyar wuya ba. Waɗanda aka haɗa da mazajensu sun fi samun kwanakin da ba su sha ba. Wato aikin da mata suke yi wa maza kyauta tun fil azal, in namiji ya yi wa matarsa shi ma yana ci. Mu kuwa a jihar nan ba baƙin wannan tunani ba ne. Makarantun magidanta da asusun UNFPA ya tallafa, a jihar Damagaram aka fara su wajen 2008, maza suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita, har wasu ƙasashe suka zo suka koya. Mazan da suka iya zama su yi maganar haihuwa ba kunya, za su iya yin maganar kwalba da ƙwaya.

Kada kuma a manta da wanda ba shi da kowa a ɗaki: tuzuru, gwauro, bazawara. Saurayi fadarsa ce gidansa. In fadar ce take sha, sai ya canja fada, in kuma ta masu shayi da hira ce, to a cikinsu a sami mutum ɗaya da zai iya buga wa waya da tsakar dare ya ce yau abin ya taso mini. Bazawara kuma tana bukatar uwa ko ya ko ƙawar da za ta riƙe sirri, da ƴar sana'ar da za ta hana ta zaman tunani. Ba sai an jira ta sake aure ba.

Kirana na ƙarshe ga mutum uku ne. Waliyyai, in an zo neman ƴarku kuka ji mai neman yana sha, ku ce ya fara zuwa likita, a ga kamun ludayinsa na wasu watanni, kuma a gaya wa yarinyar gaskiya kafin a karɓi sadaki. Majo-majo da ungozomomi na likitocin Tanut da Belbeji da na ƙauyuka, akwai tambayoyi goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don gano mai matsalar giya, ba sa cin minti biyar. Ku yi wa maza, ku yi wa mata a ɗakin awo inda ba mai ji, ku ƙara da tambayar wa ke gida, kuma yana sha ko ba ya sha. Kai kuma maigida, in ka gano matarka tana cikin wannan hali, kafin ka nemi takarda da alƙalami ka nemi kuɗin mota, ka kai ta da kanka, ka shiga ɗakin likitan tare da ita.